Rawani da Wayar Hannu: Gardamar da Ake Yi Daga Kazaure Zuwa Ɓaɓura

Duk wanda ya biyo hanyar Kano zuwa Daura, da zarar ya wuce Ɗambatta ya shiga Kazaure, zai tarar da garin da ya tara makarantun zamani fiye da girmansa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda Gwamnatin Tarayya ta karɓa daga hannun jiha a 2007. Ga cibiyar koyar da ilimin kwamfuta da aka kafa a zamanin Gwamna Saminu Turaki, ɗan garin, wanda ya riƙe Jigawa daga 1999 zuwa 2007. Ga kuma kwalejin 'yan mata ta tarayya. Can gabas, Ɓaɓura ta samu jami'ar fasaha ta tarayya a 2021, shekarar da aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai ratsa ta Kazaure.

Duk da haka, yaron da zai nemi gurbi a ɗaya daga cikin makarantun nan sai ya kawo takardar shaidar cewa shi ɗan ƙaramar hukumarsa ne, ita kuwa ba ta fitowa sai mai unguwa ko dagaci ya tabbatar ya san gidansu. In ya samu gurbin, da wuya dare ya raba bai kalli wani fim mai dogon zango a wayarsa ba, ko bai biya kuɗin benci a gidan kallon ƙwallo ba. A nan gardamar take. Fada da tsangaya da adashi a gefe guda, fim da waƙa da ƙwallo a ɗaya gefen: suna ƙara wa rayuwar yau wani abu, ko kuwa kaya ne kawai ake ɗauke da su don an saba?

Gardamar ba ta rabu gida biyu cif-cif ba, shi ya sa take da daɗin saurare. Akwai ɗan boko mai ganin duka tarkace ne: shi dai a ba shi asibiti da wuta da aikin yi, rawani da rawa kuwa kowa ya riƙe abinsa. Akwai dattijon majalisa mai kare fada da tsangaya iya ƙarfinsa, amma da an ambaci 'yan fim sai ya ja tsaki. Akwai matashin da bai san sunan hakiminsa ba, amma ya san ranar da kowane sabon kashi zai fito. Wanda zai kare ɓangarorin biyu a zama ɗaya shi ne ke da wuyar samu, alhali abin da ke ba su amfani iri ɗaya ne, cutar da ke cin su ma iri ɗaya ce.

Masu cewa sarauta ta gama yayinta ba su rasa hujja ba, ta farkonsu kuwa tarihi ne. A zamanin En'e, sarki ke da 'yan doka da alƙalai da gidan yari da baitulmali, hakimi da dagaci kuma su ke bin talaka haraji, su bi Bafulatani jangali. A kan abin da talaka ya sha a hannun wannan tsari ne NEPU ta tashi a 1950, Malam Aminu Kano ya zama muryarta. Gwamnatin Gowon ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari a ƙarshen shekarun 1960. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe ragowar ikon gudanarwa. Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan hawansa a 1979, lokacin Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura duk suna cikin Jihar Kano. Tsarin mulkin 1999 kuwa bai ba sarakuna ko aiki ɗaya ba. To, in ji mai suka, gidan da doka ta raba da aiki, don me za a ci gaba da ware masa kashi 5 cikin 100 daga kason ƙananan hukumomi, kamar yadda aka tsara tun zamanin Abacha, alhali ba zaɓen sa aka yi ba, talaka kuma ba ya ganin lissafin kuɗin?

Hujja ta biyu ta fi ciwo. Ana cewa sarki uban kowa ne, ba ruwansa da siyasa, amma alƙalamin gwamna ke naɗa shi, shi ke tuɓe shi. Mutanen Kazaure ba sa buƙatar a ba su labarin Kano, da idonsu suka gani: a 2019 Gwamna Ganduje ya raba masarautar gida biyar, a Maris na 2020 ya tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, a Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soke dokar ya dawo da shi, aka wayi gari birni ɗaya da mutum biyu kowa na amsa gaisuwar sarki. Ita kanta Ɓaɓura misali ce. Ba ta cikin masarautar Kazaure, wadda ta ƙunshi Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Tana ƙarƙashin Ringim ne, masarautar da aka ƙirƙira a 1991 bayan an yanke Jigawa daga Kano. Magidanci ɗan shekara 40 a Ɓaɓura ya girmi masarautarsa.

Ko Kazaure mai dogon tarihi, da gardamar mulki aka haife ta. Ibrahim Ɗantunku ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a a 1819, aka yi shekaru ana gwabzawa, sai a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya bar masa ƙasarsa. Mai suka zai ce ka ji, dama can siyasa ce. Mai karewa kuma daga nan yake ɗaukar tasa hujjar: shekara 200 ke nan gidan yana tsaye. Turawa sun zo sun tafi, Jihar Arewa ta rushe, an yi Kano an yi Jigawa, soja sun hau sun sauka. Sarki Najib Hussaini Adamu yana kan gado tun 1998, ya ga hawan gwamnoni Turaki da Lamido da Badaru da Namadi, shugabannin ƙananan hukumomi kuwa ba a ma ƙirga su. A wurin da kowace sabuwar gwamnati ke zuwa da sababbin mutane da sababbin alkawura, ƙofar da aka san tana nan bana, za kuma a same ta baɗi, ba ƙaramin abu ba ce.

Babbar shaidar masu karewa dai ita ce shan inna. A 2003 wasu jihohin Arewa, Kano a gaba, suka dakatar da riga-kafin saboda jita-jitar cewa maganin yana hana haihuwa. Zargin bai faɗo daga sama ba, don mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kano ta dawo da riga-kafin a 2004, amma cutar ta riga ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka rabu da ita. Kuɗi akwai, magani akwai, ma'aikata akwai, motoci akwai. Yarda ce babu. Ma'aikaciya za ta yi sallama, maigida ya ce ba a shiga, shi ke nan magana ta ƙare.

A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, sai salon aikin ya canza. Sarki ya ɗiga wa ɗansa ko jikansa maganin a gaban jama'a. Gidan da ya ƙi, ba ɗan sanda ake tura wa ba, mai unguwa ke zuwa da kansa, mutumin da ya halarci sunan yaron, wanda kuma maigidan zai haɗu da shi a masallaci da magariba. In abin ya gagara a kai wa dagaci, daga nan sai hakimi. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya da Afirka sun rabu da ƙwayar cutar ta asali. Ba wanda zai ce rawani kaɗai ya yi aikin, amma duk wanda ya ce da babu shi ma an gama, bai san yadda ake buɗe ƙofar gidan Bahaushe ba. Abin lura shi ne, aikin da ya fi kowane zama na zamani, na allura da firji da ƙididdiga, shi ya fi buƙatar mai unguwa.

Haka abin yake a wajen sulhu. Iyakar gona, shanun da suka shiga wake kafin a roro, rabon gado tsakanin 'yan uba, matar da ta yi yaji: yawancin irin waɗannan a zauren dagaci suke ƙarewa. Kotu tana cin kuɗin mota da na lauya da ranakun noma, kuma in ta yanke hukunci ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi, alhali gobe rijiya ɗaya za su ɗebi ruwa. Zaure yana neman abin da kowa zai iya haɗiyewa. A masarautun Jigawa akwai kuma kwamitocin zakka, masu bin hakimai da dagatai su tara dammunan gero da dawa da kaka, a raba wa mabuƙatan yankin da aka tara. A Roni da Gwiwa masu iyaka da Jihar Katsina, inda matsalar 'yan bindiga ta addabi wasu sassa, mai unguwa ne mutum na farko da zai san baƙo ya sauka, a gidan wa, da me ya zo.

Sai dai a nan ma mai suka yana da gaskiyar da ba za a share ba. Sulhun zaure yakan karkata inda nauyi yake. Kalmar "yi haƙuri" ta fi sauka a kan mace da talaka da ƙaramin yaro. Mafi muni shi ne lokacin da aka kawo maganar fyade ko dukan da ya kai ga rauni, sai a ce a rufa asiri, ai duk ɗaya ne. Wannan ba sulhu ba ne ko kaɗan, kuma dagacin da ya san girman rawaninsa shi ke fara tura irin wannan ƙara gaban hukuma. Zaure ba shi da rajista, ba shi da ɗaukaka ƙara a rubuce, saboda haka alherinsa da sharrinsa duka suna rataye da halin mai zaman.

Maganar tsangaya ta fi kowace zafi. Masu suka suna nuna yaro ɗan shekara 7 da roba a tashar mota, kuma babu amsar da za ta goge wannan hoto. A 2020, da korona ta zo, gwamnoni suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, Jigawa na cikin waɗanda suka karɓa, sai kowa ya ga ashe ba wanda ya san adadinsu balle halin da suke ciki. Makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Jonathan ta fara buɗewa a 2012 da yawansu sun lalace. A 2023 aka kafa hukumar almajirai ta ƙasa. Masu karewa suna cewa a raba bara da karatu: makarantar allo ta unguwa, wadda yaro ke zuwa ya dawo ya ci tuwon uwarsa, ita ce ta fara koya wa yawancin mutanen yankin riƙe alƙalami, kuma Islamiyyar matan aure ta dare ta fitar da mata zuwa aji a gidajen da makarantar boko ba ta taɓa samun izini ba. Liman ma haka. Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, amma dokar tana rayuwa ne ko tana mutuwa a daidai lokacin da mai ɗaura aure ya ce ina takardar asibiti, ko ya yi shiru.

Adashi da bashin mai kanti da gudummawar biki ba su da masu suka sosai, sai masu raina su. Farkon 2023, da aka canza fasalin naira takardun kuɗi suka ɓace, an ga wanda ya riƙe mutane. Mai shago ya buɗe littafi, uwar adashi ta ɗaga wa 'ya'yanta ƙafa, mai hatsi ya ba da kwano a kan sanayya. Banki bai san fuskar kowa ba.

To, ɓangaren fim da waƙa fa? A nan dattijon da ya gama kare fada yakan gyara zama ya koma mai gabatar da ƙara.

Tuhumarsa a jere take. Fim ɗin Hausa, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ya taso ne da kwaikwayon Indiya, saurayi da budurwa suna rawa a lambu, abin da ba a san Bahaushe da shi ba. Ya koya wa 'yan mata cewa miji sai mai mota da bene, ya tsawwala lefe, ya ƙara wa biki ranaku da fati-fati har talaka ya fara tsoron aure. Littattafan soyayya sun raba 'yan makaranta da littafin darasi. Gidan kallon ƙwallo ya sa yaran Gwiwa suna gaba a kan Arsenal da Chelsea, ƙungiyoyin garin da ba za su taɓa zuwa ba, kuma daga ƙofarsa zuwa shagon caca taku kaɗan ne. TikTok kuwa ta cire ɗan sauran labulen da ya rage. Hukumomi sun sha amsa wannan kuka: Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, a 2007 aka ƙona littattafai a bainar jama'a, aka kuma tsaurara wa 'yan fim bayan abin kunyar da ya ɓulla a shekarar, a 2016 aka janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa saboda adawar malamai.

Wasu daga cikin tuhume-tuhumen nan gaskiya ne, musamman na caca da na tsadar biki. Amma mai karewa yana da tambaya ɗaya da ke sa majalisa shiru: a ina kuma aka taɓa tattauna auren dole da sakin wulaƙanci da halin da 'yar kishiya ke ciki, da bakin matan da abin ya shafa? A fada mace ba ta zama 'yar majalisa. A kan mumbari ba ita ke magana ba. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala, an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙarama, daga baya ta koma karatu ta zama marubuciya, littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 har an fassara shi zuwa Turanci a Indiya a 2012. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Waɗannan littattafai, da ake haya a kan kuɗi kaɗan ana wucewa daga ɗaki zuwa ɗaki, sun sa matan kulle da dama sun dage sun iya karatun boko don kada a riƙa karanta musu. Abin da Yaƙi da Jahilci ya yi ta fama a kai tun shekarun 1950, labarin soyayya ya taya shi ba tare da albashi ba. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla ta tarar da marubuta ne a shirye, ba ita ta ƙirƙire su ba.

Fim ma ya girma ya bar lambu. Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ya kawo almajiri da ɗan gudun hijira da mai shaye-shaye cikin gari guda, ya bar su suna magana irin ta mutane. Kwana Casa'in ya nuna yadda ake sayen ɗan jarida da yadda asibitin gwamnati ke mutuwa, a cikin Hausar da tsohuwa a Roni za ta bi ba tare da tafinta ba. Labarina da Izzar So sun mayar da YouTube tashar talabijin ta wanda ba shi da talabijin. A bayan kowane ɗaya akwai masu cin abinci: mai ɗaukar hoto, mai tace sauti, tela, mai kwalliya, har zuwa saurayin da ke zaune da kwamfuta a bakin kasuwa yana tura fina-finai da fassarar Algaita a waya, da maƙwabcinsa mai cajin batir. Ɗalibin da ya koyi kwamfuta a Kazaure, in bai samu aikin ofis ba, sau da yawa a wannan layi yake fara samun na sabulu. Dambe ma, wasan da aka san mahauta da shi bayan kaka, ya samu sababbin 'yan kallo a ƙasashen waje ta hanyar bidiyo.

Akwai wani amfani da ba a cika lissafawa ba, na harshe. Yaron da iyayensa suka yi ƙaura zuwa Legas ko Jidda ko Kumasi yana jin Hausar yau ne daga bakin 'yan fim da mawaƙa. Banufe da Babarbare da Bazabarme suna tsintar ta a can. Da za a bar Hausa da takardun gwamnati da azuzuwan jami'a kaɗai, da ba ta kai inda ta kai a intanet ba.

Yankin yana da nasa misali na yadda wayar hannu ke yin mutum. Muhammad Gudaji Kazaure ya wakilci Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi a Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2023, kuma abin da ya kai sunansa Legas da Fatakwal shi ne gajerun bidiyoyin jawabansa, da Turancinsa mai ƙamshin Hausa, ana turawa daga waya zuwa waya. Masu suka suna cewa ga illar nan, majalisa ta zama wasan kwaikwayo, ana auna wakili da yawan dariyar da ya bayar. Masu karewa suna cewa kafin nan mutum nawa ne a karkarar Gwiwa suka taɓa ganin cikin zauren majalisar, balle su ji wakilinsu ya buɗe baki? Kowanensu ya faɗi rabin magana.

Abin da dattijo da matashi suke mantawa, suna tsaka da jifan juna, shi ne fada da mawaƙi ba su taɓa zama baƙin juna ba. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne. Sarkin Taushi na fadar Katsina ne. Musa Ɗanƙwairo ya zaga fadoji da dama da kotsonsa. Rabin abin da talaka ya sani na tarihin sarakuna daga bakin makaɗa ya ji shi. Sangaya, fim ɗin da ya buɗe wa masana'antar kasuwa wajen shekarar 2000, a gidan sarauta aka gina labarinsa, tsakanin yarima da baiwar gida. Sarki Sanusi ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙa, shi kuma ya ajiye rawanin da aka tuɓe mai naɗin a 2020. Hawan salla kuwa, a Kazaure ko a Ringim, yau dubban wayoyi ne ke ɗaukar sa su kai wa ɗan gari da ke ci-rani, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya. Fada tana ba fim labari da ado, fim da waya suna ba fada 'yan kallo.

Amfaninsu ma daga tushe ɗaya yake fitowa. Kwaleji da jami'a da jirgin ƙasa suna kawo sana'a da takarda da saurin tafiya, amma ba su iya sa mutum ya yarda ba, ba su kuma iya yi masa magana da harshen da yake mafarki da shi ba. Mai unguwa ke da na farko, mawaƙi da ɗan fim ke da na biyu. Duk hukumar da ta taɓa son kai saƙo ƙauye, na riga-kafi ne ko na rajistar zaɓe ko na awon ciki, ƙofofin nan biyu take bugawa, ko da jami'anta suna raina su a ofis.

Matsalar ita ce su biyun kishiyoyi ne, mijinsu ɗaya, wato aljihun mai mulki. Albashin fada daga gwamnati yake fitowa, kuma sarautun da a da ake gadon su ko ake samu da hidima, yanzu a faɗin Arewa ana yawan ganin su a kan 'yan siyasa da 'yan kwangila. Mawaƙi kuma, tun da satar fasaha ta kashe kasuwar kaset da faifai, kakar zaɓe ce damunarsa. Dauda Kahutu Rarara ya yi shekaru yana wa Buhari waƙa, a 2023 bayan saukarsa ya fito ya caccake shi. Ba shi kaɗai ba ne, shi dai ya fi fitowa fili. Ranar da mai unguwa ya zama mai raba katin jam'iyya, ba zai ƙara iya buɗe ƙofar da ya buɗe wa mai riga-kafi ba. Ranar da aka gane waƙa ta mai biya ce, sai a yi rawarta a ƙi jin maganarta. A nan ɗan bokon da ya ce duka tarkace ne yake samun gaskiyar da bai yi wahalar nema ba, su da kansu suke miƙa masa.

Saboda haka ƙudurorin da ake ta kaiwa Majalisar Dokoki ta Ƙasa na a ba sarakuna gurbi a tsarin mulki ba za su warware komai ba in sun tsaya a kan jera ayyuka da kujeru. Aikin dama ana yin sa ba tare da doka ba. Wurin da ke buƙatar rubutu shi ne wa ke da ikon tuɓewa, da wane dalili, a gaban wa, sannan a ina talakan Roni zai je ya ga yadda aka kashe kashi biyar ɗin nan. Sarakuna da yawa suna son sashe na farko, ba duka ke marmarin na biyu ba.

'Yan fim sun riga fada samun wata kafa. Kuɗin tallan YouTube yana zuwa ne daga yawan masu kallo, saboda haka mai shirya fim zai iya rayuwa ba tare da ya durƙusa a gidan gwamnati ba, muddin matan Ɓaɓura da samarin Kazaure suna sayen data suna kallo. Kafar ba ta da tabbas. Kamfanin yana Amurka, yana canza ƙa'idojinsa yadda ya ga dama, kuma abin da yake biya a kan mai kallo daga Najeriya bai kai na mai kallo daga Turai ba, abin da ke tura wasu zuwa ga jan labari har ya tsinke, ko neman abin da zai tayar da ƙura. Hukuma ma ba ta saki igiyar ba: a Mayun 2025 hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kawo mata su ta duba ba kafin a saka. Jigawa ba ta ƙarƙashin wannan hukuma, amma da yake yawancin fina-finan a Kano ake yin su, hukuncin da aka yanke a can ya shafi abin da za a kalla a Gwiwa ma.